Waƙar da ke Bayan Muryarsa

Ban iya karatu ba, don haka lokacin da maigidana yake aiki a Yanbu, can ƙasa mai tsarki, a kaset yake aiko mini da saƙo. A kan waƙoƙin wasu Turawa masu jita yake ɗauka, kuma wata waƙa ba ta gogu duka ba. Duk inda suka ɗaga murya, nan yake cewa, "Hajiya, kina ji na?"

Kaset ɗin ya tsinke bayan rasuwarsa. Kullum ina kuka, ina tsoron muryar ta ɓace mini.

Jiya da azahar, cikin tasi wajen masallacin Ƙiblatain, waƙar ta taso daga wayar direba. Da suka ɗaga murya na ce, "Na'am, Alhaji."

Direban ya waiwayo a tsorace. "Inna, ke ma kin ji mutumin da ya kira Hajiya?"

Allah Ya haskaka kabarinka, Alhaji. Ina ji.