Manhaja Ta Haɗa Ni da Surukina

Ina tsaye bakin sito a Sabuwa, masarar wani Alhaji tana jiran motar da za ta kai ta Ƙanƙara, sai wayata ta yi ƙara: direba ya karɓi aiki.

Sana'ata ke nan, haɗa masu kaya da masu mota. Da a tasha nake yi, yanzu an kawo mana manhaja, ka saka kaya ita ta zaɓo direba.

Tun hantsi wayar ke nuna motar a Faskari, ko motsi. Sai bayan la'asar ta iso. Na taho da faɗa cike da bakina, wa zai sauko? Baban matata! Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

Ga awaki a bayan motar, wai zai sauke su a Sheme. Kafin a kai can sun huda buhu sun yi walima. Alhaji mai masara ya wanke ni tas a waya.

Da ya sauke kaya, Baba ya kira ni.

"Isiya, an ce akwai wasu taurari da ake ba direba. Nawa ne ƙarshensu?"

"Biyar ne, Baba."

"To madalla. Ka gaida mutanen gidan."

Na danna biyar. Nan take manhaja ta rubuto min wai tunda na ji daɗin wannan direba, duk kayana shi za ta fara tura wa.

Jama'a, wanda ya san yadda ake ƙorafin suruki ba tare da mata ta haɗa kayanta ba, ya taimaka min.