Ƙarfen Okryon da Kunnen Samwol

A ƙauyenmu na gabashin tsibirin Jeju, in aka ce "mai sa'a" ba sai an faɗi suna ba, Bu Okryon ake nufi. Shekara sittin da ɗoriya ta yi tana nutso a teku, ba ta da komai sai numfashin da ta shaƙa a sama, kuma ba a taɓa ganin ta fito da raga wayam ba. Mata sukan ce Kakar Teku, aljanar ruwan da masu nutso ke roƙo, ita ce ta ɗauke ta 'yar gida. Ni da na san ta kuwa, abin da zan ce shi ne ban taɓa ganin matsoraciya irinta ba.

Tana da shekara goma sha uku aka fito da gawar uwarta daga ruwa. Jonbok ne sanadi, dodon koɗin nan mai faɗin tafin hannu da ke manne wa dutse, wanda guda ɗaya kan ciyar da gida kwana da kwanaki. Da ƙarfe mai faɗin baki ake ɓamɓare shi, a zura ƙarƙashinsa farat ɗaya kafin ya farga. In ya farga ya damƙe dutse, ko ƙato ba ya zare ƙarfen nan. A gindin ƙarfen akwai 'yar igiya da mata ke zura hannu ciki don kada ya suɓuce musu. Uwar Okryon ta zura hannu, jonbok ya damƙe, numfashinta ya ƙare a ƙasa. Da aka kwantar da ita a bakin gaɓa, yarinyar ba ta iya kallon fuskar ba, sai baƙin shatin da igiya ta bari a wuyan hannun take kallo.

Bayan wata biyu ita ma ta shiga ruwa. Wa ya tambaye ta ko tana so? Ƙannenta uku ne, gonarsu kuwa duwatsu sun fi ƙasa yawa. Tun daga ranar, duk safiyar da za a shiga teku sai cikinta ya ɗuri ruwa, ta zaga bayan katanga sau biyu ko uku, ta dawo gwiwoyinta suna kaɗawa. Ba ta taɓa zura hannu a igiyar ƙarfe ba, da yatsu biyu take riƙe ta, in abu ya yi gardama ta saki ta yi sama. Ƙarafan da ta bar wa teku ba su da iyaka. Maƙerin kasuwa yakan ce ita ce ta aurar masa da 'ya'ya.

Tsoron nan ne ya hana ta zama. Ranar da ƙauye kan fita share duwatsun ƙarƙashin ruwa daga muguwar ciyawa, aikin gayya da kowa ke neman dalilin zillewa, ita ce kan gaba, don tana son ta san kowane rami da kowace tsaga kafin ranar da za ta zo wurin da sauran numfashi kaɗan. Ta san gindin tekunmu kamar yadda mace ta san madafarta. In ta ga ƙaramin jonbok sai ta bar shi, ta riƙe wurin a kanta, ta dawo bayan shekara biyu. Wanda ta fara samu a yini kuwa sai ta tofa masa yawu a baya yadda kakanninmu suke yi, ta ce wa teku ta gode, da gaske kuma take faɗa, irin godiyar wanda aka sako. Mu da muke tsaye a gaɓa ba ma ganin duk wannan. Raga cike muke gani, mu ce kai, matar nan da sa'a take.

Ba a nutso a kaɗaice. Kowace mace tana da abokiyar ruwa, in ɗaya ta nutse ɗaya ta rungume gorarta, wadda ke yawo a saman ruwa ɗaure da raga, tana dubawa. Ta Okryon ita ce Hyun Samwol, 'yar siririya mai bakin tsiya, wadda ƙirjinta bai taɓa kai ta zurfin da ya wuce gaba uku ba, alhali Okryon tana yin takwas. Samwol ta tsufa cikin sahun koma-baya, tare da 'yan koyo. Al'ada ce manyan masu nutso su jefa ɗan wani abu a ragar marar ƙarfi in an fito, to Okryon ba ɗan wani abu take jefawa ba, kuma in ta jefa ita ce take cewa ta gode.

"Ke Okryon," Samwol takan ce in suna jin ɗumin wuta cikin zagayen dutse a gaɓa, ana gasa dankali, "yau sau huɗu kika zaga bayan katanga. Tsoro ne ko wake kika ci?"

"Tsoro ne, 'yar'uwa. Ke dai ki sa min ido."

"Ido kam na sa. Ni da ba ni da ƙirji, me zan sa in ba ido ba? Amma ki sani, ranar da kika maƙale a can ƙasa, kuka kawai zan iya yi miki, shi ma daga sama."

Sai mata su kwashe da dariya. Okryon ita ma takan yi, amma takan matsa kusa da wuta.

Tana da shekara hamsin da takwas wani ɗan jarida ya zo daga birni, ya ɗauke ta hoto da jonbok a kowane hannu, ya rubuta cewa ga matar da teku ke ƙauna. Ɗanta da ke aiki a birnin Busan ya sa hoton a gilashi ya aiko, haɗe da sabon ƙarfe mai sheƙi da aka zana sunanta a jiki. Baƙi suka fara zuwa suna son taɓa hannunta. Abin da aka yi shekara arba'in ana faɗa mata ba ta ji ba, sai ga shi ta fara ji. Haushin abin har yau bai sake ni ba. Ta daina zagawa bayan katanga. Ranar share duwatsu ta ce bayanta yana ciwo. Jonbok na farko ta jefa shi raga ba tofi ba godiya, kamar dai abin da aka ajiye mata ta zo ɗauka.

Inna Dukhwa, shugabar masu nutso, ta lura. "'Yar nan, ƙafarki ta daina rawa," ta ce mata wata safiya. "Ba na son haka."

"Haba Inna, sai yaushe mutum zai huta da tsoro?"

"Sai ranar da ya daina shiga."

A watan huɗu ne, rana tsaka, kwale-kwale ya kai su wajen baƙin dutsen da ke gaban gaɓa. Okryon ta dubi Samwol ta ce, "Yau ki tsaya wurin 'yan koyo ki tsinci abin da za ki tsinta. Nesa zan je, kuma kina rage min sauri."

Samwol ta juya gorarta ta nufi wajen 'yan koyo.

Okryon ta tura gorarta ta yi gaba. Ta dubi sabon ƙarfen, sunanta yana ƙyalli a jiki, ta tuna ɗanta ne ya saya, ba irin wanda ake bar wa teku ba ne. Ta zura hannu a igiyar, ta naɗa sau biyu.

Nutso na tara ne. Ta sauka gaba bakwai, ta ɓamɓare ɗaya, ƙirji ya fara ce mata lokaci ya yi. Ta juya za ta taso ke nan sai ta hango shi cikin wata tsaga, jonbok ɗin da ya fi tafin hannu biyu, bayansa ya yi gansakuka don tsufa. Ko yarinyar da ta shiga ruwa jiya ta san abin yi: a gane wurin, a hau a sha iska, a dawo. Okryon ta ce a ranta, ni ce fa. Ta kai ƙarfe. Bakinsa ya goga dutse kafin ya shiga, abin ya farga, ya damƙe.

Ta ja, bai motsa ba. Ta kafa ƙafafu biyu a dutse ta ja da duk ƙarfinta, igiyar ta ƙara shigewa cikin nama. Ta kai hannun hagu za ta warware, yatsun sun yi sanyi, naɗin ya hau kan juna ya ƙulle. A nan tsoron da ta sallama ya dawo mata gaba ɗaya. Ƙirjinta ya fara harbawa, maƙogwaro yana haɗiya da kansa ba da izininta ba, bakinta yana neman buɗewa, tana danne shi da haƙora. Ta ɗaga kai. Can sama ga haske, ga inuwar gorarta 'yar mitsitsiya tana lilo, ita kaɗai. Da bakinta ta kori mai sa mata ido. Ta dubi wuyan hannunta, ta gane shatin da za a gani in an kwantar da ita a gaɓa, ta tuna jikarta 'yar shekara goma sha biyu tana can tana jiran fitowar raga. Gefen idanunta suka fara yin baƙi. Ta ji fitsari mai ɗumi cikin rigar roba. Ta so ta roƙi Kakar Teku, kunya ta hana ta, don ta manta rabonta da ce mata ta gode.

Sai wani abu ya rufe hasken. Yana saukowa a karkace, yana harba ƙafa irin na wanda bai iya ba, da laujen yankan ciyawar teku a hannu. Fuskar da ke cikin gilashin nutso ta yamutse, idanu sun firfito, wani jan hayaƙi yana fita ta gefen kai. Lauje ya kuskure igiya ya yanki hannu, ya sake dawowa, igiya ta tsinke. Wani hannu ya fizge mata ɗamarar darmar da ke ƙara mata nauyin nutso daga ƙugu. Daga nan Okryon ba ta san komai ba.

Ta farfaɗo a cikin kwale-kwale tana aman ruwan gishiri, mata suna ta ihu a kanta. Ba ita suke wa ihun ba. Samwol ce kwance a gefenta, leɓɓanta sun yi shuɗi, jini yana fita ta hanci da kunnuwa biyu, Inna Dukhwa ta hau kanta tana danna ƙirjin nan da bai taɓa wuce gaba uku ba. Okryon ta rarrafa ta kama ƙafafunta, sanyi ƙalau.

"Samwol! 'Yar'uwa! Ke Samwol, tashi ki zage ni!"

Shiru. Injin yana ta kuka, gaɓa ta ƙi matsowa. Okryon ta ce daga baya tsoron da ta ji a ƙasa wasa ne a kan wanda ta ji riƙe da ƙafafun nan. Sai da suka kusa tudu Samwol ta yi wani tari mai kama da haushin kare, ruwa ya ɓulɓulo, ta ja iska.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a asibitin birni. Kunnen dama ya tafi ke nan, na hagu saura kaɗan, likita ya ce ko a baho kada ta ƙara tsoma kai. Okryon ta je da tukunyar kunun shinkafa, ta tsaya a bakin ƙofa kusan awa guda ta kasa shiga. Da ta shiga sai ta durƙusa a gaban gado, tana magana ƙasa-ƙasa, hawaye yana zuba.

"Me kike cewa?" Samwol ta daka mata tsawa, don yanzu ba ta san ƙarfin muryarta ba. "Ɗaga murya, ba gawa kike wa magana ba!"

"Na ce ki yafe min! Ni na ce ki tsaya a baya!"

"To da na tsaya fa? Ina bayan dutse ina kallon gorarki. Ke ba kya wuce ƙirga hamsin a ƙasa, shekara talatin ina ƙirga miki. Na kai sittin da biyar, na ce shi ke nan, jakar nan ta zura hannu."

"Ba ki ji tsoro ba?"

"Tsoro? Har yanzu cikina bai daina gudu ba. Miƙo kunun. Da ma can ba jin maganarki nake yi ba, yanzu kuwa na samu hujja."

Okryon ta sauke hoton nan daga bango ta tura shi ƙarƙashin akwati. Ta koma wurin maƙerin kasuwa ta sayi baƙin ƙarfe irin na da, ta yanke igiyarsa tun a gabansa. Ranar da ta koma ruwa sai da mata biyu suka riƙe ta a bakin kwale-kwale, haƙoranta suna haɗuwa, aka yi tsammanin za ta fasa. Ta shiga. Shekara goma sha shida ta ƙara tana nutso, kullum cikinta a ɗure, kullum ita ce farko a aikin gayya, kuma duk ragar da ta fito da ita a kan dutse ɗaya take zazzage ta, inda Samwol ke zaune da auduga a kunne tana kallon gora, su raba biyu, Samwol tana mitar an ba ta ƙanana.

A shekararta ta ƙarshe a ruwa wani malamin makaranta ya kawo baƙi su ga tsofaffin masu nutso. Ya ji labarin a gari, ya tare Okryon tana fitowa, ruwa yana ɗiga daga furfurarta.

"Iya, an ce ke ce kika maƙale a gaba bakwai kika fito da rai. Kai, wannan sa'a da yawa take! Ina kike samo ta?"

Okryon ta ajiye ragarta. Sannan ta nuna masa tsohuwar da ke zaune kan dutse, ta takure cikin mayafi, tana zagin wani kare.

"Ga ta can," ta ce. "Je ka gaishe ta. Ka ɗaga murya sosai, ɗana, ta dalilina ne ba ta ji."