Fitilar Yaya Alzuma ta sake ci

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai yayana Alzuma makwancinsa a nan Filinge. Allah ya jiƙansa. Mutane da yawa suna tuna shi a matsayin mushen lakkol, wato malamin makaranta, da ya koya musu karatu. Ni kuwa in damina ta tsaya, da fitila a hannu nake ganinsa.

Bayan ya aje alli, sai ya koma lambun bayan gida, inda yake da kuɓewa, yakuwa da 'yan layukan hatsi. Da an idar da magariba zai rataya fitilar ƙwai a reshen zogale, ya shimfiɗa farin ƙyalle a cikin kwando a ƙarƙashinta. Malam-buɗe-littafin dare su yi ta faɗawa. Bayan asuba ya zauna da matarsa Zali, ita tana riƙe da ƙyallen, shi yana ware su da tsinken tsintsiya. Ni a idona duk ƙwari ne masu launin toka. Shi kuwa kowanne da sunan da ya raɗa masa: ga amarya, ga jandarma, ga mai gemu. Marasa laifi sai ya sake su. Guda ɗaya yake nema, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, uwar murzuna, tsutsar nan da ke cinye zangarniyar hatsi. Ranar da ya ga ta yawaita, zai hau kekensa ya sanar da ma'aikatan noma, a nemi magani tun ƙwanta bai ƙyanƙyashe ba.

Wata shekara murzuna ta yi ɓarna duk da haka. Maƙwabcinmu Alhaji Barmu ya fara cewa fitilar Alzuma ce ke kiranta, maganar ta bi gari har cikin kasuwa inda nake da rumfa. Kunya ta kama ni. Na je na roƙi Yaya ya kashe ta, wai don a zauna lafiya. Ya dube ni ya ce: "Ƙanena, hitila ba ta kiran ɓarawo, nuna shi ta kai. Amma tunda kai ka roƙa, na kashe."

Bai sake kunna ta ba har ya bar duniya. Daminar da ta biyo baya babu wanda ya san zuwan murzuna sai da zangarniya ta zama ƙaiƙayi, har da gonata da ta Barmu. Ko sau ɗaya Yaya bai ce mini "ai na faɗa" ba, kuma ni ban iya buɗe baki na ce ya yafe ni ba. Wannan ne ke cin raina har yau. Da-na-sani ƙeya ce.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yanzu. Fitilar sola ta maye gurbin kananzir. Ma'aikatan noma suna kawo 'yan jakunkuna masu wasu ƙananan ƙwari da ke kashe murzuna, a rataya a gona. Na tabbata da ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Sai dai jakar ma ba ta da amfani in ba a rataye ta a kan lokaci ba, kuma lokacin sai wanda ya duba kwando ya san shi.

Shi ya sa bana na ɗauko kwandonsa na rataya fitila a zogalen. Na yi kwana tara ina jujjuya ƙwari ban gane komai ba. A rana ta goma Zali, da idonta ya fara rauni, ta karɓi tsinken daga hannuna ta taɓa wata 'yar ƙarama.

"Wagga ta," in ji ta. "Tashi ka hwaɗa musu."

Yaya bai bar gida mai bene ba, littafi ma bai rubuta ba. Ya bar ido a wurin matar da ta yi shekaru tana riƙe masa ƙyalle, ya bar mini aikin da na hana shi. Na tashi zan fita, sai na tarar da Barmu a ƙofar lambu, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tambaye ni a hankali ko uwar murzuna ta zo. Na ce ta zo. Ya ce to in yi sauri, kuma don Allah kada in kashe fitilar.