Farfesun da Inna Ta Ƙi Sha

A shekarar 2014 muna zaune a Hadayek el-Maadi, wata unguwa ta Misirawa, a bene hawa na uku. Maigidana yana sarin abaya yana aikawa Kano, ni kuwa kullum ina gida, sauka ƙasa ma sai dole. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata dattijuwa ce Bamisriya, Kirista, daga cikin Ƙibɗawa. Inna nake kiranta. Ita ta koya mini Larabcin cefane, ni kuma na koya mata cin yaji.

Ɗanta tilo ya tafi aikin gini a ƙetaren iyaka, sai wayarsa ta daina shiga. Ana cikin haka babban azuminsu ya kama, wanda suke yi kafin Ista. Inna kuwa da ma ba ta da isasshen jini, likita ya ce ta dage da cin hanta da nama. Ina kallonta tana zubewa, zoben hannunta har ya fara yawo a yatsa.

Ni azumi ɗaya na sani: a kame baki da asuba, a buɗe da magariba. Don haka na sayo kaza, na yi farfesu, na jira kiran salla, na ƙwanƙwasa mata.

"Inna, ga abin buɗa-baki."

Ta ɗaga murfi, ta shaƙa, ta mayar. "Ma'alish, yi haƙuri 'yata. Mu namu ba a taɓa abin da ya fito daga dabba, ko da rana ko da dare."

"Ƙwai fa?"

"Wa ya haife shi?"

"Madara?"

"Ke, saniya itace ce?"

Na ce, "Inna, wannan ai horo ne." Ta yi dariya har da tari, ta miƙo mini kwanona.

Na koma yi mata alale babu ƙwai, da ƙosai, da miyar alayyafo. Rannan ta ɗanɗana miyar ta ajiye cokali, wai in kawo mata takardar dunƙulen da na saka. Da ta ga hoton zakara a jiki, shi ke nan. Haushi ya cika ni, na zauna a kujerarta ba tare da an ce in zauna ba.

"Mu a wurinmu marar lafiya ajiye azumi yake yi, ya rama daga baya. Ku ba ku da wannan?"

"Muna da shi."

"To me kike jira?"

Ta ce ta yi wa Ubangiji alkawari saboda ɗanta. "Ibrahim ɗansa aka nema a wurinsa, bai yi gardama ba. Ni nama kawai na bari. In na kasa wannan, da wane baki zan roƙa?"

"Ai shi Annabi Ibrahim umartarsa aka yi. Ke wa ya umarce ki? Kuma da aka ce ya ajiye wuƙar, ajiyewa ya yi."

"Khalas, ya isa, bakinki ya fi hannunki yaji."

Haka muka yi ta yi. In dafa, ta shinshina, ta yi tambaya. Maigidana ya ce in fita daga addinin mutane. Na ce ba ruwana da addininta, ni jininta nake bi.

Wata safiya jiri ya kwashe ta a matakala, ta dawo daga coci. Ni da matar mai gadi muka tallafo ta. Da yamma limamin cocinsu ya zo, Abuna suke ce masa, da baƙar riga da dogon gemu. Ina tsaye a bakin ƙofa, kunnena a ciki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mata azumin nan ya fara zama nata, ba na Ubangiji ba, kuma abin da ake so ta miƙa yanzu shi ne taurin kanta. "Daga yau ki ci. Umarni ne."

Abin da na shafe makonni ina faɗa ke nan, har maƙogwarona ya bushe. Shi ya faɗa sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Na sake yin farfesu, na kai. Ta riƙe cokali, hawaye na ɗiga cikin romon. Ta kurɓa, ta haɗiye da ƙyar.

"Wannan ya fi azumin wuya," in ji ta.

Na tura mata cinyar kazar gabanta, na zauna ina gadi har sai da ta cinye.