Mazurari da Irin Baba

Shekara talatin da ɗaya, in ka cire haihuwa uku da ta yi, ƙarfe tara na safe ba ta taɓa yi mata a wani wuri ba sai a bayan ofishin gona, cikin ɗan filin da aka zagaye da waya. Aikinta auna ruwan sama. Ta ɗage mazurarin da ke bakin gwangwani, ta juye abin da ya taru cikin kwalba mai layi-layi, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da bakin ruwan, sannan ta rubuta. Ran da ba a yi ruwa ba ma sai ta je ta rubuta sifili. Shi ya sa gari ya laƙaba mata Mazurari. Direbobin ofis in sun hango ta sai su ce, "Mazurari, yau cokali nawa aka samu?" Ita kuwa ko a jikinta.

Karatunta bai yi zurfi ba, amma kai, matar nan akwai naci! Duk wata takarda kan zo daga hedikwatar masu hasashen yanayi, a ajiye ta ƙura ta rufe. Ita kaɗai ke karantawa. A ciki ta san labarin tekun Fasifik: bayan 'yan shekaru fuskar ruwansa kan ɗumama, iska ta sauya hanya, wasu ƙasashe su sha ambaliya, wasu fari, in ya huce kuma abin ya juya. Wata rana ta kwaso tsofaffin littattafanta, ta ja jan biro a kan duk shekarar da aka ce tekun ya ɗumama. Bakwai ta samu. A biyar daga cikinsu ruwa ya ɗauke da wuri a garinsu.

To, shekarar da nake ba ku labari, takardar ta zo da zancen ɗumi tun kafin damina. Mazurari ba ta zame ko'ina ba sai gidan yayanta, wanda ke riƙe da gonar gado. Ta same shi a zaune a ƙofar rumbu yana ɓare masarar iri. Ba kowace masara ba ce, irin Baba ce, fara mai wata huɗu, wadda mahaifinsu ya yi shekara arba'in yana zaɓa zangarniya bayan zangarniya. Duk faɗin yankin ba mai ita sai su.

"Yaya, bana ka shuka mai wata uku," in ji ta. "Irin Baba ba za ta kai ba."

"Wa ya faɗa miki?"

"Teku ya ɗumama."

Ya yi dariya har da tari. "Ikon Allah! Ke da ko kogi ba kya yarda ki shiga, yau kin zama mai jin zafin teku daga nan? Kin taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba. Kuma ban ce tabbas ba ne, biyar cikin bakwai na gani."

"To bana cikin biyun muke. Na ma ƙara fili, duk abin da ke rumbun nan ƙasa za shi. Ki koma wurin gwangwaninki, ƙanwata."

Maganar ta yi mata ciwo, ba ƙarya. Ta shiga ciki wurin matarsa, suka ɗan yi ƙus-ƙus, ta fito da jakarta ta yi nauyi. A nata ɗan yankin gonar kuma ta shuka mai wata uku.

Damina ta fara kamar da gaske. Masarar Yaya ta yi kore shar, ta fi mutum tsawo, ya riƙa aiko mata da gaisuwa yana tambayar lafiyar teku. Sai da ta fara fitar da gemu, lokacin da ta fi buƙatar ruwa, sama ta ɗauke. Mazurari ta rubuta sifili kwana ashirin da shida a jere, kuma wallahi ba ranar da ta ji daɗin rubutawa. Tata masarar ta riga ta nuna. Ta Yaya ta bushe a tsaye, ko zangarniya ɗaya ta kirki ba a samu ba.

Rana ta ashirin da bakwai tana juye kwalbar da ba komai a ciki, ta ɗago ta gan shi riƙe da wayar shingen. Bai taɓa taka wurin aikinta ba sai ranar.

"Abinci ba zai gagara ba," ya ce, "masararki za ta riƙe mu. Amma na kashe irin Baba. Da hannuna."

Ta gama rubutunta tukuna, don ƙarfe tara ba ta jiran kowa. Sannan ta ce ya biyo ta. A ɗakin ajiya akwai kabad ɗin ƙarfe da take kulle littattafai saboda gara da laima. Ta buɗe, ta ture na shekarun baya, ta ciro gwangwanin awo na ko-ta-kwana, bakinsa a liƙe da kakin zuma. Ta ɓalle murfin. Irin Baba ce, fara tas, cike har baki.

Yaya ya tsoma hannu, ya daɗe bai cire ba. Hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

"Matarka ce ta auna mini, kar ka yi mata faɗa," in ji Mazurari.

Ya rungume gwangwanin a ƙirji kamar jariri, ya juya zai fita. Sai ya tsaya, ya dawo, ya ajiye shi a kabad ɗin da kansa, kusa da littattafan.

"Ki riƙe shi a nan," ya ce. "In tekun naki ya huce, ki gaya mini ran da zan shuka."