Barkisu Mai Koko da Makullin Maigida

Duk wanda ya taɓa shan koko a bakin masallacin layinmu ya san Barkisu. A nan Zongon Kumasi aka haife ta. Ubanta Bazabarme ne da fataucin goro ya kawo shi bai koma ba, uwarta kuma mai koko ce, tun Barkisu tana ƙarama take bin ta da tukunya har ta gaji teburin. Ba ta da tsawo, ba ta da hayaniya, amma idan ta ce maka koko ya ƙare, ko kai wane ne sai ka dawo gobe. Ni Habsa, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, ko tari ta yi ina ji, saboda haka abin da zan faɗa ba a torotoro, motar haya, na tsinto shi ba.

Gidan da muke haya na Alhaji Dramani ne, ɗakuna kewaye da tsakar gida, famfo ɗaya. Kar in ɗauki alhakinsa, Alhaji ba mugu ba ne, da layya har nama yake raba wa 'yan haya. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ke ƙona mini rai. Kowane ɗaki yana riƙe da makullinsa na biyu, kuma da zarar mutane sun fita nema sai ya bi ɗaki-ɗaki yana buɗewa, wai yana duba wanda ya ɓoye hita ko dutsen guga da ke shanye masa wuta. Ka dawo ka tarar an ja maka akwati, an ɗaga katifa. Mu taru a bakin famfo muna zaginsa ƙasa-ƙasa, yana fitowa mu washe baki mu ce Alhaji barka da rana. To ya za mu yi? Samun ɗaki a Kumasi ba wasa ba ne, kowa na tsoron a ce masa ya tattara.

Mijin Barkisu, Amidu, fitta ne, mai gyaran mota, a unguwar Suame. Bara ya faɗi a wurin aiki, hawan jini, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Barkisu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, ba kwalliya, ba zama da mazan da ba muharramanta ba. Yayyenta da ke Buokrom suka ce ta taho can ta yi, ta ce a'a, takaba a ɗakin miji ake yin ta. Ta danƙa wa ƙanwarta Fusena teburin koko. Yayyen Amidu kuma suka zo da tasi suka kwashe kayan aikin Amidu da jakunkunan tufafinsa don rabon gado, Alhaji yana kallo daga shagonsa na ƙofar gida, shi kuma ya yanke wa kansa cewa matar ta bi kayan. Bai tambayi kowa ba.

Ranar wata Juma'a da hantsi ina wanki a famfo, sai ga Alhaji da maza biyu, dillalin ɗakuna da wani Batone, ɗan asalin Kumasi, kafinta daga unguwar Anloga mai neman haya. Kafin in ɗauraye hannu in ce wani abu, ya zura makulli ya tura ƙofar Barkisu. Barkisu ta fito wanka ke nan, ta kulle daga ciki, tana zaune a tabarma da ɗaurin ƙirji, ta tsefe kanta tana tajewa. Batonen nan ya yi baya da sauri ya rufe ido da hannu, yana ta faɗin agoo, agoo, sallamarsu ta Tonawa, bayan aikin gama ya gama. Shi kuwa Alhaji, Musulmi mai haƙorin Makka, tsayawa ya yi a tsakar ɗaki yana tambayarta ashe ba ta tafi ba. Har da ƙarin bayani, wai tunda mai hayar ya rasu ya kawo masu duba ɗaki ne.

Barkisu ta ja mayafi ta rufe kai. "Alhaji, ka fita," ta ce, ba ta ƙara ba.

Wallahi ni na so in tara masa unguwa. Ita ta riƙe mini hannu ta ce mai takaba ba ta ɗaga murya. Da na rufe mana ƙofa ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar jana'iza, ni ma na taya ta, don abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Kunya ba ta sa Alhaji ya ja da baya ba. Ya aiko cewa ta shirya barin ɗakin ƙarshen wata, zai mayar mata da ragowar adbans, kuɗin hayar da aka biya tun gaba. Lissafinsa shi ne mai takaba ba za ta iya taka ƙafa zuwa ofishin Ren Kontrol mai duba rikicin haya ba, kuma gaskiya ne ba za ta iya ba. Fusena ta je a madadinta, ta dawo da bayanin cewa maigida ba shi da ikon shiga ɗakin ɗan haya sai ya sanar kuma an yarda, in ba gobara ko wani haɗari ba, kuma ba a korar mutum haka kawai da saƙon baki. Na ce alhamdulillahi, a kai shi ƙara. Barkisu ta ce ofis zai bar mata ɗakin, amma makullin zai ci gaba da kwana a aljihun Alhaji. Ta ce in yi haƙuri zuwa sadakar arba'in.

Ranar aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Fittocin Suame suka cika wurin, mata suna gefe, limaminmu Malam Abdul-Rahaman a gaba, Alhaji kusa da shi cikin babbar riga yana karɓar gaisuwa a matsayin maigida. Al'adarmu ce bayan an shafa addu'a liman ya tambaya ko akwai mai magana a kan mamaci ko iyalinsa. Galibi shiru ake yi a raba sadakar masa a watse. Sai muryar Barkisu ta fito daga bayan labule.

"Malam, tambaya gare ni. Mace tana takaba, namiji ya buɗe mata ƙofa da makulli ba sallama, ya shigo da baƙi biyu, kanta a buɗe, sannan ya ce ta bar ɗakin mijinta. Yaya addini ya ce?"

Ba ta ambaci suna ba, amma a gidan nan mutum nawa ne ke da makulli? Liman ya gyara zama ya ce sallama sau uku ake yi, in ba a amsa ba a juya, ko da kai ka gina ɗakin matuƙar wani ke kwana a ciki. Ya ce mai takaba kuwa ba a fitar da ita daga inda mijinta ya bar ta. Ni da bakina ba ya shiru na ce Malam, ni ma an ɗaga mini katifa. Tela na ɗakin ƙarshe ya ce shi ma. Kafin ka ce kwabo gidan gaba ɗaya ya ɗauka, fittoci sun zuba wa Alhaji ido, gumi na bin wuyansa. Ya miƙe ya ce ya ɗauka ta tafi ne, a yafe masa, ɗaki nata ne. Liman ya ce ko ta tafi ai kayanta ba su tafi ba, ya mayar wa kowa makullinsa yau.

Bayan la'asar ya bi mu ƙofa-ƙofa yana miƙawa. Da ya iso ta Barkisu ya tsaya baya da labule ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Ina jin motsin carbinta ta bango. Ya yi ta uku, ya ɗan jira, ya waiga ya ga duk mun fito muna kallo, ya juya ya tafi da makullin a hannu. Washegari ya dawo, ta amsa tun a ta farko, ta zuro hannu ta labule ta karɓa, har da yi masa godiya.

Yanzu ta fita takaba, ta koma teburinta, tana nan a ɗakin. Na taɓa tsokanarta na ce ke ma da mugunta, ki bar dattijo tsaye a bainar jama'a. Ba ta yi dariya ba.

"Habsa," ta ce, "Amidu shi ke biyan hayar ɗakin nan, kuma tunda ya aure ni bai taɓa shigowa ba sallama ba. Ranar nan da na ji muryar namiji tana sallama a ƙofata bayan la'asar, lokacin da Amidu ya saba dawowa, bakina ne ya ƙi buɗuwa."