Hajiya Ta Ce In Aurar Da Mai Shan Jini

Jama'a, yau farin ciki kamar ya kashe ni!

Muna cikin mota daga Funtua zan je Dayi, ina duba zanen labarin barkwancin da nake yi a wayata. Dama na yanke shawarar dainawa, don a gida kowa cewa yake shirme nake yi. Sai wata dattijuwa da ke gefena ta leƙo.

"Ɗiyata, wannan mai dogayen haƙoran wace ce?"

Na ce, "Mai shan jini ce, Hajiya. Saurayinta kuma idan wata ya cika sai ya rikiɗa ya koma kura."

Ta ƙura wa wayar ido. Na ce a raina, shi ke nan, wa'azi ya same ni.

Ashe karantawa take yi! Da ta zo inda budurwar ta ja saurayin wurin mai aski don a rage masa gashin kura, ta yi ta dariya har da hawaye. Direba ya tsaya a Malumfashi inda za ta sauka, ta ce ya wuce, ba ta gama ba.

Da ta kai inda na tsaya, ta ce, "Sun yi aure?"

"Ban zana ƙarshen ba tukuna."

"To ki aurar da su. Ta san halinsa, ya san nata, kuma babu wanda ya gudu. Mutane nawa suka samu haka?"

Wallahi ina sauka na ci gaba da zane. Ku faɗa mini, me za a dafa a wannan biki?